Ramin da Pak Tukijan Ya Bari a Tsakar Ɗaki

Ku gyara zama in ba ku labarin Pak Tukijan, wato Malam Tukijan, mai ƙyafa kifi a unguwarmu ta bakin teku a Semarang, dogon mutumin nan da ba ya iya zama da zarar hadari ya haɗo.

Kun dai san halinmu. Ƙasa na nutsewa, a ɗaga titi, kowa ya zuba ɓaraguzai a ɗaki ya ɗaga daɓensa, rufi kuwa yana nan inda yake. Gidan Tukijan ya sha ciko har tagarsa ta dawo daidai gwiwa. A duƙe yake shiga, a duƙe yake fita. Wuri ɗaya ya rage masa, tsakiyar ɗaki inda rufin ya fi tudu. Nan yake miƙewa ya ta da kabbara, hularsa na gogar katako.

Sai maƙwabcinsa Kasno ya ƙara ciko, gidan Tukijan ya zama mafi kwari a lungun. Shi ma Tukijan an sauke masa ɓaraguzai a ƙofa, amma ya ƙi taɓawa. Sai ya zagaya tulin, ya dubi sama, ya je ya leƙa dokin ƙofar Kasno, ya dawo.

"Mas Jan," in ji Kasno daga baranda, don haka yake kiran Tukijan, "jira kake tulin ya yi ƙafa ya shiga da kansa?"

"Kai da Allah ya yi ka kamar turmi, ko daɓe ya kai rufi ai ka wuce," in ji Tukijan.

Matarsa Bu Warsini, wato Malama Warsini, ba ta yi dariya ba. "Pak, ka zuba. In tsayuwa ce, ga masallaci."

"Mutum ya kasa miƙewa gaban Ubangijinsa a gidansa, Bu?"

Ran nan da la'asar ruwa ya kece. Tukijan ya zura allo a bakin ƙofa ya liƙe da yumɓu, ya cusa tsumma a magudanar banɗaki, ya ɗora kwandunan kifi a kan kabad. Ruwan bai ko bi ta ƙofa ba, ta tsagar daɓe ya ɓuɓɓugo, baƙi, mai warin kwata. A zaune a kan gado ya yi sallar.

Da ruwa ya tsagaita, Warsini ta gama kwalfa da kwano, ta zauna tana shafa mai a ƙafa. Tsakanin yatsun duk ya yi fari ya dare, har da jini. Ta lura yana kallo, sai ta ja zane ta rufe.

Washegari ya ɗauki shebur. Ya cike ɗaki, ya daddaɓe, ya shafe da siminti, amma a tsakiya ya bar rami daidai tsawon sallaya. Kullum sai ya sauka ciki ya miƙe ƙyam.

Da aka sake ruwa, ko'ina a gidan ya kwana biyu a bushe, abin da suka manta rabonsu da gani. Ko'ina ban da ramin. Ya cika fal, a kwashe ya sake tsattsafowa, sauro har ya fara zama.

"Ka yi mana rijiya a falo," in ji Warsini. "Ko kifin za mu fara kiwo?"

Ƙafarta dai ta soma warkewa. Ragowar ɓaraguzan na nan a ƙofa, daidai cika ramin. Jiya na wuce na hango shi a duƙe, sallaya a kafaɗa, shebur a hannu, yana zagaya ramin, ya leƙa ruwan, ya ɗaga kai ya dubi katakon rufi.

To ku da kuke zaune, in ku ne, za ku cike shi?