Ciwon Kan Gwaggo Ladi

Duk wanda ya san Gwaggo Ladi, ƙanwar babanmu, a Sabon Gari, da ɗaurin kai ya san ta. Ba ɗaurin ɗankwali na ado nake nufi ba. Tsumma take samu ta tamke goshi tamau, ta cusa yankakken lemon tsami a gefe biyu, sannan ta zauna bakin ƙofa tana ɗinkin hula tana mita. Shekara wajen ashirin ciwon kai bai bar ta ba, ita kuma ba ta bar mu mun huta ba.

Babu maganin da ba ta gwada ba, ban da na asibiti. Ranar Juma'a idan kasuwa ta ci, mai maganin gargajiya ba ya gama kafa lasifika sai ya gan ta a gabansa. Wani ya taɓa sayar mata da garin shaƙawa, ta wuni tana atishawa har awakin maƙwabta suka watse. Da yamma muka tambaye ta ko kan ya yi sauƙi.

"Wa yake ta kai? Ku bari in ji da hanci tukuna."

Wanzami kuwa ya yi mata ƙaho a ƙeya har ya gaji. Rannan shi da kansa ya tattara kayansa, ya ce ta je ta ga likita. Ta ce ashe shi ma ɗan boko ne, ta kuma hana a sake kiran sa askin suna a gidanmu.

Ni na fi kowa damun ta da zancen asibiti, don ina tsoron kada wani abu ne yake cin ta a ciki. Hujjarta ɗaya ce: likita tambaya yake yi. Wai mai magani na gaske da ya kalle ka ya san cutarka, shi kuwa sai "me yake damun ki, tun yaushe", to ita za ta yi masa aikinsa? Sai wata rana muna ɓarar gyaɗa ta faɗa mini gaskiya a hankali: da ƙafarsa mijinta ya shiga asibiti, gawarsa aka fito da ita. Daga ranar na daina yi mata tsiya. Na ce zan riƙe hannunta mu shiga tare, mu fito tare.

Ranar da za mu tafi sai da ta bi gida-gida tana neman gafara, ta rabar da kajinta. Likita ya auna jini, ya duba nan ya duba can, ya tura mu wajen masu duba ido. Ashe tabarau kawai take bukata! Duk shekarun nan matse ido take yi a kan allura. Ko mayafi ba ta cire ba ta koma gida-gida tana karɓo kajinta.

Kada ku ɗauka an gama. Bayan sati na je na tarar da ita kai a ɗaure, tabarau a cikin kwalla. Na ce ya haka?

"Na sa na safe, ɗan nan. Sai bayan azahar kuma. Magani ai ba a zarce ƙa'ida."

Sau uku a rana take sa shi, bayan cin abinci. Da ƙyar ta yarda ta bar shi a fuska. Ciwo ya tafi, mu kuma muka shiga uku. Ta gano yanar gizo a kan katanga, ta gano tsakuwa a shinkafa, ta dube ni tsaf ta ce ashe haka na yi furfura babu wanda ya gaya mata.

Shekara biyu ta yi da lafiyayyen kai kafin Allah ya karɓi abarsa. Biyu kacal, kuma har yau abin yana min ciwo. Wani hantsi kafin rasuwarta na same ta zaune a inuwa, ba ta komai. Ta ɗago ta ce, "Ashe haka mutane suke wuni, kai shiru?"

Na kau da fuska don kada ta ga idona, amma ina, ta riga ta gani.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara, ya sa ta huta.