Ɗan Amshin Umaru Mai Kukuma

Ubale na Yako bai taɓa fara waƙa ba a rayuwarsa. Shi ɗan amshi ne, kuma ko a gida haka yake: sai matarsa Dije ta ce miya ta yi gishiri, sannan ya ce lallai kam ta yi. Da damina yana noman masara, da rani yana faci a bakin titi. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, cewa zai yi shi yaron Umaru mai kukuma ne, alhali furfura ta gama cinye masa gemu.

Wurin wasansu rumfar Musaddiq mai shayi ce a bayan tasha, mai tsofaffin bencina da langa-langa mai yoyo. Ranar kasuwa, da an idar da la'asar, Musaddiq zai kashe rediyo ya janye tebur. Umaru ya zauna a tabarma yana gyara tsarkiyar kukumarsa, Ubale ya kifa ƙwarya a gabansa, zobba a yatsu. 'Yan acaɓa su jingine babura, Fulanin da suka gama cin kasuwa su tokare da sandunansu. Ba lasifika, ba sanarwa, amma har daga Ɗansoshiya ake zuwa.

Ƙa'idar sana'ar a bayyane take: maigida ya jefa, ɗan amshi ya cafe. Riga maigida buɗe baki rashin kunya ne, Ubale kuwa ya riƙe wannan tamkar farilla. Da waƙa ɗaya suke rufe wasa kullum. Umaru ya ja kukuma ya ce, "Rana ta yi yamma, wa zai raka ni gida?" Ubale ya daki ƙwarya ya amsa, "Ga ni nan, ɗan'uwa." Ya faɗi wannan amshin fiye da yadda ya faɗi sunan 'ya'yansa.

Wata kaka, ana tsaka da karyar masara, Umaru ya yanke jiki ya faɗi a gona. Aka kai shi asibiti a Kano, aka dawo da shi ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Kukuma ta koma rataye a ƙusa a bango.

Musaddiq ya sayo talabijin, rumfa ta zama ta 'yan kallon ƙwallo. Ubale bai fasa zuwa ranar kasuwa ba. Ya zauna a ƙarshen benci, shayi ya huce a gabansa, yatsunsa na kaɗa katako ba da saninsa ba. Kewa ta ci shi ƙwarai. Amshi ya cika masa baki, babu mai jefa masa. Ya taɓa bin wani matashin mawaƙi gidan biki, sai ya tarar har amshin ma yana cikin na'ura. Ya dawo yana tsaki.

Rannan ya je duba maigidansa, Hauwa matar Umaru ta tare shi a zaure.

"Malam Ubale, abinci ma ya daina karɓa. Duk ranar kasuwa in ya ji babura na wucewa sai ya juya bango yana hawaye. Don Allah ku kai shi rumfar nan ko sau ɗaya."

Ranar kasuwa aka ɗora Umaru a babur, Ubale na rungume da shi ta baya. Musaddiq na ganinsu ya kashe talabijin, ya shimfiɗa tsohuwar tabarma, ya miƙo wa Ubale ƙwaryar da yake wanke kofuna a ciki. Mutane suka taru kamar da. Sai kuma wuri ya yi tsit, don ba mai farawa.

"Baba Ubale, ka fara mana," in ji Musaddiq.

"Ni? A gaban maigidana? Allah ya kiyaye."

Ya dubi Umaru. Umaru ya ɗaga hannun hagu da ƙyar, ya bugi gwiwar Ubale, ya sake bugu. Haka yake masa alama a da in ya makara.

Ubale ya buɗe baki. Muryarsa ta fito, ba kukuma, ba daɗi: "Rana ta yi yamma, wa zai raka ni gida?"

Ya yi shiru. Bai taɓa zama a cikin wannan shirun ba, domin kullum shi ke cike shi. Ranar ya san irin kaɗaicin da mai jefa waƙa ke ji kafin a amsa masa, tsoro ya kama shi.

Sai karkataccen bakin Umaru ya motsa. A hankali, kalma na jan kalma, amma a kan kari daidai: "Ga ni nan, ɗan'uwa."

Tun faɗuwarsa a gona ba a ji ya furta komai ba sai wannan. Waƙar tana da baitoci da yawa, kuma Ubale ya san su duka. Bai matsa gaba ba. Wannan tambayar ya yi ta maimaitawa, hawaye na ɗiga kan ƙwarya, Umaru na amsa masa, har ladan ya kira magariba.