Malam Tartsatsi da Injin da Ba a Kunnawa

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayi malamin walda, wanda aka fi sani da Malam Tartsatsi, a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari da ke bakin titin mota. Mahaifinsa ma'aunin hatsi ne, mahaifiyarsa kuwa mai kitso. A 1970 hukuma ta ƙaddamar da gagarumin shirin koya wa matasa sana'a, aka zaɓe shi cikin rukunin farko. Ya shekara uku yana nazarin walda a jikin allo, domin sandunan waldar da aka yi oda suna hanya. Ya fito da sakamako mafi daraja, sandunan kuwa har ranar yaye ɗalibai suna hanya.

Aiki

A 1974 aka naɗa shi malami a cibiyar koyon sana'a, inda wata ƙungiyar agaji ta ba da injin walda sabo fil, aka ɗora shi bisa katako a kusurwar aji, aka lulluɓe da tamfol. Da fari babu lantarki. Da lantarki ya iso a 1983, sai umarni ya biyo baya cewa kada a kunna injin, domin baƙi su riƙa tarar da shi sabo. Da baƙi suka ɗauke ƙafa, wani kwamiti ya zauna a 1996 ya tabbatar cewa injin ya tsufa, a jira na zamani.

Malam bai karaya ba. Yakan sa baƙin gilashi, ya ja alli a kan benci yana cewa "tsss" da bakinsa, aji na amsawa. Duk wanda ya kalli allin babu gilashi sai ya sha ranƙwashi saboda wasa da idanunsa. Daga nan laƙabin ya samo asali. Ɗalibansa suka ƙarasa koyo a shagunan wasu, suka buɗe nasu. Shi kuwa abu ɗaya ya tsaya masa a rai: bai taɓa haɗa ƙarfe biyu ba, kuma bai san ko ya iya ba.

Aure

A 1979 ya auri 'yar wani tela, mace mai haƙuri amma ba mai haɗiye magana ba. Duk sanda hannun tukunya ya ɓalle, takan ajiye ta gabansa ta ce, "Maigida, za ka yi mata tsss ɗin nan naka, ko in kai wa yaranka?"

"Kai musu," yakan ce, "su ma ai suna buƙatar gwaji."

Ritaya

A 2011 ya yi ritaya. Wani tsohon ɗalibinsa da ake kira Dogo ya tausaya masa, ya kawo masa aron inji da janareta. Malam ya zaɓi ƙofar ƙarfen gidansa da ta daɗe tana lilo, unguwa ta taru. Da tartsatsin farko ya tashi, ya yi baya ya ce, "Kai! Ashe da zafi!" Sannan ya duƙufa, bakinsa na tsss bisa sabo, bai ɗago ba sai da ya liƙe ƙyauren biyu da juna, ya haɗa su da ginshiƙi.

Iyali suka koma fita ta ƙofar baya a karkace. Ya hana a yanke waldar. Kullum yakan tambayi ɗalibansa yadda suka ga aikin, su ce ya yi kyau, da irin muryar da ake gaida marar lafiya. Wannan ya ƙona masa rai ƙwarai, domin ya san ladabi ne kawai.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2014 bayan gajeriyar jinya. Makara ta ƙi fita ta ƙofar baya, sai ɗalibansa suka zo da injinan yankan ƙarfe. Faifan yankan ya cinye, aka sa wani ya kare, guduma ta yi iya yinta, ƙofa ko gezau. Dogo ya zauna daɓas a ƙasa, gumi da hawaye sun haɗe masa, ya ce, "Wallahi Malam ya iya! Ku fasa katanga."

Ta katangar aka fitar da shi, aka yi masa jana'iza. Allah ya jiƙansa. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babban direba, mai bi masa malamar asibiti, sai mai gyaran takalma da auta mai sayar da katin waya, da kuma ƙofa ɗaya wadda har yau ba ta buɗu ba.