Kalmar da Kawu Almu Ya Bar Mini

A gafarce ni da na ɗauki alƙalami alhali ga manya. Ni Suwaibatu ce, 'yar ƙanwar marigayi, ɗalibar aji huɗu a sakandare.

Ranar Talata, huɗu ga Oktoba, 1977, aka kira ni daga aji aka ce motar siminti ta yi karo da babur ɗin Kawu Almu, malamin daji, kusa da Mairuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kawu, gwamnati ta tura ka Finland shekara biyu koyon aikin itatuwa. Ka dawo Daudawa da rigar sanyi ɗaya da kalmomi cike da baki. Kakan ce, "Sarkin Shiru, can ya kamata a haife ki. Sai su yini ba wanda ya ce uffan." Kai ka biya mini kuɗin littattafai, kuma kowane wata sai wasiƙarka ta zo da kalma guda ta harshensu.

Da aka naɗa ni shugabar ɗakin kwananmu, na rubuta maka cewa 'yan mata ba sa jin maganata, muryata ba ta kai ƙofa. Ka aiko da kalmar "hallita". Ka ce da ita suke faɗin mulkin ƙasa, da ita kuma suke faɗin mutum ya iya riƙe kansa. In mutum zai faɗa game da kansa sai ya ce "hallitsen". Ka ce in riƙa furta ta kowace safiya. Ka ƙara da cewa, "Manoman Ruwan Godiya ba da ihu suka daina sakin awaki cikin dashena ba. Zuwa wurinsu na yi ta yi."

Kawu, ban amsa wannan wasiƙa ba. Kafin ta iso na riga na ajiye muƙamin, kunya ta hana ni gaya maka. Ka rasu kana zaton ina riƙe da shi.

Jiya na je wurin shugabar makaranta, na roƙa a mayar mini da muƙamin. Sau biyu ta ce in ɗaga murya. Na ɗaga. Ta mayar.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa kowace bishiyar da ka dasa ta zama inuwa gare ka. Allah Ya ba Inna Baraka, matarka, da yara haƙuri.

Inna Baraka, kowane wata ina da wasiƙa da ba ni da wanda zan aika wa. In kin yarda, zan rubuto miki.