Hutun da Yaya Ya Ba Ni

Ina cikin tankaɗe maigidana ya shigo da wani murmushi da ban yarda da shi ba. Ya ce yayansa, wanda ke riƙe da gandun gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya yanke magana: daga bana matan gida sun huta da zuwa gona. Za mu zauna a inuwa kamar matan manyan ƴan kasuwar Cadawa, ba rana, ba ƙaya. Gamanata kuwa, ɗan yankin gonar da aka yankar mini shekarar da aka kawo ni, za a mayar da ita cikin gandu, tunda ƴaƴan Yaya biyu sun yi aure, baki ya ƙaru.

Na ce, "To, madalla." Bakina ne kawai ya faɗa.

Kowa sai barka yake mini. Matar Yaya har da guɗa. Surukuwata ta miƙo mini ƙafarta, ta ce in dubi faso, abin da gona ta bar mata ke nan, mu kam mun yi goshi. Na hau amalanke ranar kasuwar Gazawa na kai wa innata ƙara, ina zaton ita za ta ji ni. Ina! Ko daka ba ta tsayar ba. Ta ce, "Ke tun kina ƙarama ba ki san arziki ba. An ɗauke miki wahala, kina kumbura? Tashi ki koma ɗakinki."

Na komo, amma zama ya gagare ni. In ɗora tukunya in manta ban sa gishiri ba. In je bakin zaure in tsaya, ban san me na fito nema ba, in dawo. Akuyata da ba ta yi mini komai ba na bi ta da muciya har bayan ɗaki. Maigida ya tambaye ni abin da ke damuna ya fi a ƙirga. Me zan ce? Kada a girmama ni? Yaya ba mugu ba ne, wannan kam zan faɗa ko a gaban wa. Gonar ta yi wa gidan kaɗan da gaske. Har na fara zargin kaina, na ce ko dai taurin kaina ne kawai, yadda Inna ta faɗa. Na yi addu'a Allah ya sanyaya mini zuciya in karɓa. Ba ta sanyaya ba.

Dalilin ya zo mini daga baya, zuciyata ta riga ni sani. Wata safiya na hau ƙaramin rumbuna ina ɗibar wake, sai na waiwaya na ga babban rumbun gandu a toshe, yadda yake tun bayan kaka. Haka ake yi a wajenmu: maza su rufe shi su tafi cin rani, ba a buɗewa sai noma ya kama. To duk watannin nan me yarana suka ci? Hatsin gamanata, da wakenta, da yakuwar da na shanya. Ba wanda na durƙusa wa kafin in ɗiba. Na sauko daga rumbun, amma ban gaya wa kowa ba, don na san za a ce mini ai Yaya zai riƙa aunowa.

Ruwan fari ya sauka da asuba. Gari na wayewa, maza na haɗa iri a zaure, na ɗauki sungumi da ƙwaryar irina na bi ta ƙofar baya. Sara aikin namiji ne, mace ta bi baya tana zuba iri tana takewa da diddige. Ranar nan ni ce namijin, ni ce macen. In sara layi, in aje sungumi, in komo in zuba. Sauri nake kamar wadda ta yi sata, domin na san ba a tone shukar da wani ya riga ya binne.

Na kai wajen rabi na ji ƙarar amalanke. Yaya ne da ƴaƴansa biyu da buhun iri. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa duban mutumin nan ido da ido ba, magana kuwa ba ta wuce gaisuwa daga bayan zana. Na durƙusa cikin danshi.

Ya ce, "Ke, mi kike yi nan?"

"Shuka nike, Yaya."

"Ba a hwaɗa miki an hutar da ku ba?"

"An hwaɗa mini. Na gode, Allah shi saka. Ni dai ban gaji ba."

Ɗaya daga cikin ƴaƴansa ya juya baya, ban sani ba ko dariya ce ko kunya. Yaya ya ce gonar ubansu ce. Na ce na sani, ba da ita zan tahi gidanmu ba, ɗiyan ƙanensa ke cin ta. Wallahi kamar in tashi in ruga, amma ban saki ƙwaryar ba. Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce wa yaran su juya jakin, ko kallon layukan bai sake yi ba.

Can da hantsi maigida ya iso, fuska a murtuke. Ya ce na kunyata shi a gaban yayansa, kuma gaskiya ce, na kunyata shi. Ya ce, "Kin san ba ya sake cin tuwonki?" Na ce na sani. Ya dubi aikina, ya yi tsaki. Ya ce duk layukan a karkace suke, wa ya koya mini sara? Ya fizge sungumin ya wuce gaba, na bi shi da iri.

Gamanar na hannuna har yau. Innata ta yi wata uku ba ta aiko mini ko gaisuwa ba, daga baya ta huce. Yaya bai huce ba. In na gaishe shi yakan amsa da ka. Wani lokaci ina cikin noma sai abin ya taso mini, in aje hauya in yi ta juya maganar, ko da akwai wata hanya mai laushi da ban gani ba. Na nema, ban samu ba, kuma ban samu nadamar ba.

Duk Sallah nakan tuƙa tuwo da hatsin gamanar, in zuba a kwanon da ya fi kyau, in aika masa. Da la'asar kwanon yake dawowa a rufe, ba a taɓa ba. Bana ma na aika.