Ranar da Kiwo Ya Shiga Aji

Akuya ce ta hana ni makaranta. Haka nake faɗa, kuma ba zan sake masa suna don wani ya ji daɗi ba. Shi ya sa wata Laraba a ƙarshen damina, ana tsakiyar girbin gero, da babban ɗana ya shigo ya ce zai cire 'yarsa Ummi daga makaranta saboda an fara koya musu kiwo, sai da na ajiye faifan da ke hannuna don kada in jefe shi da shi. Ummi takwarata ce, tana aji ɗaya a ƙaramar sakandaren garinmu, nan gabas da Gezawa. Uban a birni yake wuni, a mota ya ji ana hira wai an sake manhajar karatu, an rage yawan darussa, an ce kowane yaro ya ɗauki sana'a guda. Ya ɗaga jakar yarinyar ya ji ba nauyi irin na da. Ya tambaye ta, ta ce a makarantarsu kiwo da lambu kaɗai ke da malamai, ita kiwo ta zaɓa.

"Inna, kin ji fa. Kiwo! Takalmi na saya mata, ba lauje ba. Gobe sai a kaɗa su daji da tumakin hedimasta. Gara in kai ta Rijiyar Zaki wajen gwaggonta ta koyi ɗinki, a san an yi sana'a."

Wane dajin? Ko ina yarinya ban san daji ba. A ƙasarmu gona ce ke bin gona, daga bakin dangar gidanmu har bakin dangar ƙauyen gaba, babu wani fili da aka bari ya huta. Da ruwa ya sauka aka yi shuka, duk wata akuya da tinkiya sai turke, ba za a sake kwance su ba sai an kai amfani gida. Dabba tana ɗaure, cikinta kuwa ba ya ɗaure, dole wani ya zama ƙafarta. A gidanmu ni ce. Lokacin da aka zo gida-gida ana neman yaran da za a sa a firamare, Baba ya dube ni, ya dubi yayana Garba, ya dubi turke. Ya ce, "Ɗaya ya tafi, ɗaya ya zauna. Awaki ba sa jiran a tashi daga makaranta." Ba mugunta ba ce. Gonarsa ƙarama ce, taki ke riƙe da ita, awaki kuma ke ba da takin.

Ba zan yi ƙarya in ce kuka na yi ta yi ba. Na ji daɗin yarintata. Da sassafe in an sha koko, sai mu fita mu 'yan mata da laujuna da tsofaffin buhuna, raɓa tana jiƙa mana zani har gwiwa. Mun san iyakar gonar da harkiya ta fi yawa, mun san inda yaɗiya ke naɗe danga, mun san gonar tsohon da ke kora da wadda mai ita zai ce, "Ku yanka, kun rage min noma." In buhu ya cika mu jingine shi a gindin ɗinya mu yi 'yar carafke, ko mu yi gaɗa har wata ta faɗi a kan kunyar gona ta karya dawar mutane mu watse da gudu. Da kaka mu yi roron wake, mu ɗaure harawa, maza su ɗora ta a kan bishiya inda baki ba ya kai. Da rani mu tsinto 'ya'yan gawo, mu jiƙa dusa da ɗan kanwa. In bazara ta kusa, Baba ya kwashe takin turke, ya cika mangala, ya ɗora ni a bayan jaki, mu je mu zuba takin tsibi-tsibi. Yana cewa, "Ki gaida awakinki, su suka noma tuwon da kike ci." Ranar shuka shi ke gaba da sungumi, ni ina baya ina jefa iri ina takewa da diddige, Inna ta aiko mana da fura a ƙwarya.

Ciyawar da ta fi kowace kyau kuwa tana bayan firamare, don ba mai noma wurin. Nan nake ƙarasa cika buhuna. Wani tsohon ƙarfen mota aka rataye a darbejiya, shi ne ƙararrawa. In an buga shi, yara su shige, muryoyinsu su riƙa fitowa ta taga, ni ina durƙushe ina yanka ina maimaitawa a zuci. Na haddace abubuwa da yawa da ban san kamanninsu a rubuce ba. Da yamma Garba ya zana min baƙaƙe a ƙasa da tsinke, kafin in gane su kaji sun tone.

Akwai wata jar akuya da na fi so, mai farin goshi, in ta ji takuna tun daga zaure take kuka. Wata shekara bayan ruwan farko, igiyarta ta tsinke, ta fita bayan gida ta sami gyauro, wato dawar da ke sake tohowa daga tushiyar bara. Ba ta ci da yawa ba. Muka tarar da ita kwance, baki buɗe, tana jan numfashi kamar an shaƙe ta, alhali ba abin da ke wuyanta. Baba ya yi sauri ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Ranar ban ci naman ba. Kowa a garin ya san gyauro yana kashe dabba, ni ma na sani. Abin da ya tsaya min shi ne dalili. Dawar nan ita muke ci, karanta da ganyenta su muke ba awaki duk rani su yi ƙiba. Don me ƙaramin ganyenta zai yi kisa? Na tambayi Baba, ya ce haka suka taso suka gani. Na tambayi kakata, ta ce, "Bakin nan naki, wata rana sai ya tambayi liman inda Allah yake kwana." Na sa Garba ya tambayo a makaranta, ya dawo ya ce ba ya cikin littafinsu.

Sai da na yaye autana na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zaune kusa da sa'o'in 'ya'yana, ban ji kunyar kowa ba. Na iya karatu, na iya rubutu, yau ni nake karanta wa maƙwabta abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani. Malamarmu ma na yi mata tambayar gyauro. Ta yi dariya ta ce ita baƙaƙe aka turo ta koyarwa, in nemi likitan dabbobi.

To, ranar Larabar nan, da uban ya fita sallar la'asar, na sami Ummi a bakin turke tana share hawaye da gefen hijabi. Na ce, "Ke takwara, rufe min baki. Me ake koya muku a kiwon nan da har ya isa a yi masa kuka?" Ta ce malam ya zana akuya a allo, ya nuna musu cikinta ɗaki-ɗaki ne. Na ce wannan ko mai wankin kayan ciki ranar Sallah ta sani, a kawo wani. Ta murguɗa baki ta ce, "To kin san abin da ya sa gyauro ke kashe akuya?" Ba ta san labarin jar akuyata ba, ban taɓa ba ta ba. Ta ce malam ya ce ganyen dawa in yana ƙarami, ko in fari ya kama shi, guba yake tarawa. In dabba ta tauna, gubar ta shiga jini ta hana jikinta amfana da iskar da take shaƙa, sai ta shaƙe tana numfashi. In dawa ta girma ta bushe, gubar ta tafi. Ta faɗe shi a tsaye, tana sosa ƙafa, kamar ba komai ba. Ni kuwa na zauna a kan turmi, na ga bakin akuyar nan a buɗe, na gane abin da na gani tun ina da ƙananan kitso.

Da ya dawo na ce, "Baban Ummi, zauna." Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, amma ina faɗa masa gaskiya. Na ce, "Ni na yi kiwo, ban yi karatun kiwo ba. Abu biyu ne, kai ka haɗa su. Jaka ta rage nauyi? Jaki ma yana ɗaukar kaya, ka taɓa ganin ya ci jarrabawa? Ɗinki ba ya gudu, ta gama ta koya." Ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, "Inna, ni ba na ja da ke. Amma makarantar nan ko ɗan tsako babu. Akuyar alli za su yi ta kiwo?" Nan ya faɗi gaskiya, ban musa ba. Na ce in wannan ne ciwonsa, ya bar min. Ya ce to, za a ga zangon nan.

Yanzu gonakin bakin titi sun zama filaye da bulo, jakuna sun ragu, 'yan mata ba sa gaɗa a gindin ɗinya, kuma nakan yi kewar ƙamshin ɗanyar ciyawa a buhu. Mu mun san yadda ake yi, ba wanda ya gaya mana don me. Su yaran yanzu ana gaya musu don me, ga shi hannunsu bai taɓa igiya ba. Kowa da rabin da ya samu.

Da gari ya waye na kwance wata ƙaramar akuya mai ciki, na ɗora wa Ummi ɗaurin harawa a kan jakarta, muka nufi makaranta, yara suna bin mu suna dariya. Na yi sallama da malamin, na miƙa masa igiya, na ce ta ajinsa ce, abincinta yana wuyana. Sannan na ce duk ranar darasin kiwo a rage min gefen benci a baya, ina da sauran tambayoyi.