Ƙyallen da Ke Jikin Kaset

Yayata malamar firamare ce, amma ba mai kiranta Malama a garinmu. Mai Rikoda ake ce mata, har yaran da ta koya wa karatu. Ni ce ƙanwarta, nono ɗaya muka sha, kuma ba wanda ya kai ni yi mata tsiya a kan rikodar nan, don haka ni ya kamata in ba da labarinta.

Abin ya faro ne shekarar da aka ce za a rushe tsohuwar kasuwa a fitar da titi. Kowa na kukan rumfarsa, ita kuwa kukanta daban. Wai in kasuwar ta tafi, wa zai tuna wanda ya haƙa rijiyar tsakiya, da dalilin da ya sa mahauta suke can gefe su kaɗai? Ta samo rikoda mai cin batir ta rataya a kafaɗa, da an tashi makaranta sai ta shiga bin tsofaffi gida gida. Na ce mata mutane suna neman abin kaiwa baka, ita tana neman surutun waɗanda haƙoransu suka zube. Ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Wadda Yaya ta fara zuwa wurinta wata tsohuwar ungozoma ce, wadda rabin garin a hannunta suka faɗo duniya. Tsohuwar ta ce murya dai ta ɗauka, amma kada ta kuskura ta rubuta sunanta, don abin da aka rubuta a gaban alƙali yake ƙarewa. Yaya ta yi mata alkawari ba za ta rubuta ba muddin tsohuwar tana raye. Labari ya zaga cewa Mai Rikoda ba ta rubuta suna, sai bakin tsofaffi ya buɗe. Suka faɗi rikicin gonaki, da shekarar yunwa, da wanda ya ci amanar wa, abubuwan da ko 'ya'yansu ba su taɓa ji ba. Takan zauna a ƙasa kusa da ƙafarsu, in mutum ya yi shiru ta jira, can ta ce, "To, daga nan sai me?"

To ta yaya za ta bambance kaset ɗin? Mijinta tela ne, kusan duk garin shi ke musu ɗinki, kuma ba ya zubar da ƙyalle. Sai ta zazzage buhunsa, ta nemo ragowar yadin rigar da mai maganar ya sa, ta ɗaure a jikin kaset. Wanda ba mijinta ke masa ɗinki ba, ta roƙi bakin tsohon tufafinsa ta yaga. Ɗakinta ya cika da kwalaye, ƙarƙashin gado, saman durowa, bayan ƙofa, ko'ina tsummoki na reto. Da ta taɓa ƙyalle za ta gaya maka mai shi, da ubansa, da lungun gidansu. Kai, Yaya akwai kai a lokacin.

Aka rushe kasuwa, titi ya wuce. Tsofaffin suka bi juna ɗaya bayan ɗaya, ungozomar ma ta tafi, har telan ya rasu. Alkawari ya sauka daga wuyanta ke nan. Mai kula da laburaren gari ya yi ta sintiri, yana cewa a ba shi kaset ɗin ya juye a kwamfuta kafin zafi ya cinye su, amma sai da sunan mai magana, in ba haka ba jikoki ba za su san nasu ba. Gaskiya ya faɗa. Ita kuma kullum amsarta akwai lokaci, ai duk suna kanta, bari ta ƙarasa ɗaukar muryar wani tsohon direba tukuna.

Ran da ta kira ni da sunan mahaifiyarmu, na ɗauka wasa ne. Ran da maƙwabta suka tsinto ta a bakin titi tana neman ƙofar kasuwar da aka rushe, na kai ta asibiti. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma ba ya komawa baya. Na yi kuka, na kuma ji haushinta, wallahi na ji. Mace ta ƙarar da ƙuruciyarta tana tara garin nan, sannan ta adana shi a wuri ɗaya tak, wurin kuma ya fara yoyo.

Na kwashe kayana na koma gidanta. Da hantsi hankalinta ya fi zama, sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in kunna kaset, in sa mata ƙyallen a hannu. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta karkata kunne, ta ce wannan mai gyaran agogo ne na bakin tasha, ɗan wane. Ni kuma in rubuta a filasta in manna. Da farko mukan gama kwali kafin rana ta take. Har tsokanata take yi, wai ga mai zagin tsumma ta zama baiwar tsumma.

Daga baya sai ta riƙa sanin fuska, suna ya ƙi zuwa. Ta ce mai tabo a goshi ɗin nan mana, ai kin san shi. Ina zan san shi, ina wasan ƙasa ya mutu? In matsa mata ta yi fushi, in yi fushi ta yi kuka, rikoda na ta magana ita kaɗai. Kwalayen da muka gama suna gefe guda, waɗanda suka rage sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Wata safiya na sa mata wani koren ƙyalle mai ɗigo-ɗigo a hannu. Wani tsoho yana ba da labarin ambaliyar da ta ci unguwar marina. Ya yi shiru, sai muryar Yaya ta fito, tas da ita, ta ƙuruciya, tana tambayarsa daga nan sai me. Yaya ta ɗago kai.

"Wace ce wannan mai yawan tambaya?"

"Ke ce, Yaya."

Ta daɗe tana saurare. Ta girgiza kai ta ce ita ba ta san ta ba, amma yarinyar tana da ladabi, ta iya jiran manya. Sannan ta miƙo mini ƙyallen ta ce in mayar wa mai shi, kada ya neme shi. Daga ranar ban sake samun suna ko ɗaya a bakinta ba. Kafin shekara ta zagayo ta rasu.

Na kai kwalayen laburare. Mai kula da wurin ya so ya kwance tsummokin, wai suna tara ƙura, na ce ya taɓa ɗaya ya ga ikon Allah. Ya bar su. Ya juye muryoyin, ya jera kaset ɗin a kanta, masu suna a sama, marasa suna a ƙasa da ƙyallayensu. Wata mata ta taɓa gane zanen kakarta, ta zauna nan ƙasa ta sha kuka, muka manna filasta. Sauran suna nan, suna faɗin yadda aka yi garin, ba wanda ya san su.

Ina zuwa duk sati. Mai kula da wurin ya ɗauka sunaye nake nema, ban ƙaryata shi ba. Nakan ɗauko kowane ne daga ƙasa in kunna, in bar tsohon ya yi ta zuba har ya gaji ya yi shiru. Daga nan nake matso da kunnena, don na san wadda za ta yi magana.